Jijiyar da Ke Kai Kukan Gobara: Sauya Tsofaffin Wayoyin Tagulla a Amurka

Gabatarwa

Ranar Litinin, 1 ga Disamba, 1958, bayan ƙarfe biyu na rana, wuta ta kama a cikin wani kwandon shara da ke ƙarƙashin matakalar bene a wata makarantar 'yan Katolika mai suna Our Lady of the Angels, a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Yara kimanin 1,600 ne ke karatu a makarantar. Wutar ta daɗe tana ci a ɓoye kafin wani ya lura da ita. Makarantar tana da ƙararrawar gobara, amma sai da hannu ake kaɗa ta, kuma ko an kaɗa ta, ƙararta ba ta wuce harabar ginin, domin babu wata waya da ta haɗa ta da ofishin 'yan kwana-kwana. Sai ƙarfe 2:42 kiran farko ya isa gare su. Cikin kimanin minti huɗu motocinsu suka iso, amma a lokacin hayaƙi da zafi sun riga sun toshe hanyar sauka daga bene. Yara 92 da malamansu mata 3 ne suka rasa rayukansu.

Wannan musiba da wasu irinta sun sa hukumomin Amurka sun tsananta doka a kan manyan gine-gine. A yau, a mafi yawan garuruwan ƙasar, makarantu da asibitoci da otel-otel da masana'antu da manyan kantuna wajibi ne su haɗa ƙararrawarsu da wata cibiyar sa ido, inda ma'aikata ke zaune dare da rana suna jiran saƙo. Shekaru da dama, hanyar da ke ɗaukar wannan saƙo ita ce wayar tarho ta tagulla, wato jan ƙarfe. To ga shi wayar ta tsufa, kamfanonin da suka mallake ta sun fara naɗe ta, masu gine-gine kuma sun shiga neman abin da zai maye gurbinta. Wannan maƙala za ta yi bayanin aikin da wayar ke yi, da dalilin mutuwarta, da kuma abin da ya sa sauya ta ya fi ƙarfin a zare wannan igiya a soka waccan.

Dalilin da ya sa minti guda ke da tsada

Mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su tun kafin harshen wuta ya taɓa su. A cikin hayaƙi akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum suna ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa shi ne dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kabon monoksaid tana manne wa himogulobin da ƙarfin da ya fi na oksijin fiye da sau 200. Saboda haka ko kaɗan ce ta shiga huhu, sai ta ƙwace mazaunin oksijin, ƙwaƙwalwa ta fara yunwar iska, mutum ya rikice, ƙafafunsa su yi nauyi, ya faɗi a sume alhali ƙofar fita na kusa da shi. Idan kuma abin da ke ci soson katifa ne ko wasu kayan roba, akan sami iskar sayanaid, wadda ke hana ƙwayoyin halittar jiki yin amfani da ɗan oksijin ɗin da ya isa gare su.

Har ila yau, gobarar wannan zamani ta fi ta da sauri. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a shekarun 1970 sun nuna cewa mutum kan sami kimanin minti 17 na tserewa bayan na'urar shinshinar hayaƙi ta yi ƙara. Da cibiyar ma'aunai ta ƙasar, NIST, ta sake irin wannan bincike ta wallafa a 2004, sai aka tarar lokacin ya ragu zuwa kimanin minti 3 idan wutar mai harshe ce. Dalili kuwa shi ne kujeru da katifu da labule na yanzu galibi daga man fetur aka samo kayan yin su. Da zarar hayaƙin da ya taru a rufin ɗaki ya kai zafin kimanin digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, duk abin da ke ɗakin zai kama a lokaci guda. Ke nan 'yan mintocin da ke tsakanin tashin wuta da isar labarinta ga masu kashe ta su ne ke raba gobarar da za a kashe a ɗaki ɗaya da wadda za ta cinye gini.

Gini da jikin ɗan Adam

Ɗalibin ilmin halittu ba zai sha wuyar gane tsarin ƙararrawar gobara ba, domin ya yi kama da tsarin jijiyoyin saƙo na jiki. A fatar mutum akwai bakunan jijiyoyi masu jin zafi da ciwo. Idan yatsa ya taɓa garwashi, saƙo kan bi jijiya zuwa laka, laka ta umarci hannu ya janye nan take, sa'an nan saƙon ya hau zuwa ƙwaƙwalwa, wadda za ta yanke shawarar neman ruwa ko magani.

Haka gini yake. Na'urorin da ake liƙawa a rufi su ne fatarsa: wasu suna gane hayaƙi idan ya gifta wa wani ɗan haske da ke cikinsu, wasu suna motsawa idan zafi ya kai kimanin digiri 57, wasu kuma suna lura da gudun ruwa a bututun yayyafin kashe wuta. Dukkansu suna kai rahoto ga wani akwatin sarrafawa da ke jikin bango, wanda ke matsayin laka, shi ke kaɗa ƙararrawa don mutane su fice. Cibiyar sa ido ita ce ƙwaƙwalwa, ita ke kiran 'yan kwana-kwana da mai ginin. Layin tarho kuwa shi ne jijiyar da ta haɗa su.

Abin da ke faruwa idan jijiya ta mutu sananne ne daga cutar kuturta. Ƙwayar cutar, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norway a 1873, tana kai hari ga jijiyoyin hannu da ƙafa. Wani likita mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki a garin Vellore na Indiya, ya nuna cewa yawancin lalacewar yatsu da ake gani sakamako ne na ƙuna da rauni da mai cutar ke samu bai sani ba. Yakan ɗauki tukunya mai zafi bai ji kome ba, don jijiyar da za ta kai kuka ta daina aiki. A yau cutar tana da magani, amma darasinta yana nan: shirun jijiyar da ta mutu da shirun jijiyar da ke zaune lafiya kamarsu ɗaya. Duk wata ƙa'ida da aka kafa a kan layin ƙararrawar gobara, manufarta ita ce a bambance waɗannan shiru guda biyu.

Abin da tagulla ta bayar kyauta

Aika labarin gobara ta waya ya girmi tarho. A 1852 William Channing da Moses Farmer suka kafa wa birnin Boston akwatuna kimanin 40 a bakin tituna, waɗanda ke aika lambar unguwa ta wayar tangaraho zuwa wani ofishi guda. A 1876 Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho. Wayoyin farko na baƙin ƙarfe ne, masu tsatsa da shashatar da murya, har sai da Thomas Doolittle ya gano yadda za a ja tagulla ta yi ƙarfin da za a rataya ta tsakanin falwaya da falwaya ba ta tsinke ba. Ban da azurfa, babu ƙarfen da ya kai tagulla sauƙin bari lantarki ya ratsa shi. A 1881 kuma Bell ya fito da dabarar murɗa wayoyi biyu kamar tufkar igiya, domin rage hayaniyar da suke kwasowa daga maƙwabtansu.

Wannan tsohon layi yana da halaye uku da masu ƙera ƙararrawa suka dogara da su. Na farko, yana zuwa da wutarsa. A ofishin haɗa waya akwai manyan batura masu ba da bolt 48, da janareta a bayansu, kuma wannan wuta tana bin tagullar har cikin gini. Malaman da suka yi zamani da wayar NITEL ta kan tebur za su tuna cewa ko NEPA ta ɗauke wuta, tarho yana nan yana aiki. Na biyu, idan aka buga kira, akan keɓe hanya guda daga mai kira zuwa mai amsawa har a gama, kuma duk sautin da ke tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa zai isa yadda aka aiko shi. Na uku, tun da wutar daga ofishin waya take zuwa, in aka yanke layin a ko'ina sai bolt ɗin ya ɓace, akwatin sarrafawa ya gane, ya fara kukan cewa jijiyarsa ta tsinke.

Yadda ɗan aike ke isar da saƙo

A cikin akwatin sarrafawa akwai wata 'yar na'ura da za a iya kira ɗan aike. Idan gobara ta tashi, abin da take fara yi shi ne ƙwace layin, ko da wani yana tsakiyar magana a kai. Sai ta saurari sautin da ke nuna layi a buɗe yake, ta buga lambar cibiyar sa ido. Na'urar cibiyar takan amsa da sauti biyu a jere, mai kaɗawa 1,400 da mai 2,300, wanda ke matsayin amsa sallama. Daga nan ɗan aike zai zuba saƙonsa.

A tsarin da ya fi yaɗuwa, wanda kamfanin Ademco ya ƙirƙiro ake kira Contact ID, saƙon lambobi 16 ne, kuma ana aika su da irin sautin da ake ji idan an danna maɓallan tarho. Kowane maɓalli sauti biyu ne a haɗe. Lamba 5, alal misali, haɗin kaɗawa 770 ne da 1,336. Lambobi huɗu na farko sunan ginin ne. Wasu uku suna faɗin abin da ya faru: 110 na nufin gobara, 602 na nufin gwaji ne kawai. Wasu kuma suna nuna sashen ginin da abin ya auku, ta ƙarshe kuwa ta lissafi ce, wadda cibiya ke amfani da ita ta tabbatar babu lambar da ta ɓata a hanya. Kowace lamba kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa take ɗauka. Idan saƙo ya isa daidai, cibiya ta sake yin wani sauti na sallama, sai ɗan aike ya ajiye waya. Idan bai ji wannan sallama ba, zai sake bugawa, aƙalla sau biyar, kada ya wuce sau goma.

Ƙa'idojin wannan aiki suna cikin wani kundi mai suna NFPA 72, na ƙungiyar rigakafin gobara ta Amurka wadda aka kafa a 1896. Jihohi da birane ne ke ɗaukar kundin su mai da shi doka. Shekaru da yawa ya tanadi cewa ɗan aike ya kasance da layin tarho biyu, ya kuma buga kiran gwaji sau ɗaya a kowace sa'a 24.

Yadda tsufa ya kama wayar

Babban abokin gabar tagulla shi ne ruwa. Tsofaffin igiyoyin da ke ƙarƙashin manyan birane an naɗe wayoyinsu da takarda ne, aka rufe da dalma, kuma kullum sai an riƙa hura musu busasshiyar iska don kada danshi ya shiga. Da zarar rufin ya tsage, takarda ta jiƙe, lantarki ya fara zurarewa daga wannan waya zuwa waccan, mahaɗai su yi koren tsatsa, layi ya cika da ƙarar soye-soye. Mutum yana iya haƙuri ya ji magana a cikin wannan ƙara, amma na'urar da ke ƙidayar sauti ba ta iyawa. Ga kuma ɓarayi, waɗanda tsadar tagulla ke sa su sare igiya su kai wa 'yan gwangwan.

A watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta kora ruwan teku cikin ramukan wayoyi na kudancin Manhattan a birnin New York. Ruwan gishiri ya lalata igiyoyin tagulla masu ɗimbin yawa, kamfanin Verizon kuma ya zaɓi ya shimfiɗa zaren gilashi a madadinsu. Zaren gilashi haske yake ɗauka, ruwa bai dame shi kamar tagulla ba, kuma siriri ɗaya yana ɗaukar abin da dubban wayoyin tagulla ba za su iya ba.

Sai kuma maganar kuɗi. Jama'a sun koma wayar salula da intanet, masu biyan kuɗin tsohon layi sun ragu ƙwarai, amma kuɗin kula da shi bai ragu ba. A watan Agusta na 2019 hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, FCC, ta sauke wa manyan kamfanoni nauyin ba ƙananan kamfanoni hayar layukan tagulla a kan farashin da hukuma ta ƙayyade, ta ba da wa'adin shekara uku wanda ya cika a Agustan 2022. Ya kamata a lura, wannan hukunci bai ce a kashe layukan ba, kamar yadda wasu 'yan talla suka riƙa yaɗawa. Abin da ya biyo bayansa shi ne tashin farashi da ja da baya wajen gyara. A Disamban 2024 kamfanin AT&T ya bayyana cewa yana kashe kimanin dala biliyan 6 a shekara a kan tsohon tsarin, kuma yana nufin barin tagulla a mafi yawan yankunansa kafin ƙarshen 2029, ban da jihar Kalifoniya. Birtaniya ma ta sa ranar rufe tsohon tsarin tarhonta a Disamban 2025, daga baya a 2024 aka ɗage zuwa Janairun 2027.

Tarkon sauyin gaggawa

Mai kanti da ya ga kuɗin layinsa ya ninka, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya koma wayar intanet, ya soka igiyar ƙararrawa a bayan ɗan akwatin da kamfanin intanet ya ba shi. Zai ɗaga tarho ya ji sautin da ya saba ji, ya ɗauka kome ya daidaita. A nan haɗarin yake, domin halaye ukun nan na tagulla duk sun tafi ba tare da ya sani ba.

Gilashi ba ya ɗaukar lantarki, don haka sabon layi da wutar ginin yake rayuwa. Gobara kuwa sau da yawa daga wayoyin lantarki take farawa, ko ta cinye su da wuri. Akwatin sarrafawa yana da batirinsa, zai ci gaba da kaɗa ƙararrawa, amma akwatin intanet ya mutu, saƙo ba zai fita ba.

Na biyu, wayar intanet ba ta keɓe hanya. Takan yanyanka sauti ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli kimanin kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, ta tura su cikin cunkoson sauran saƙonni. Wani ƙulli kan makara, wani ya ɓace. Wasu tsare-tsaren ma sukan matse sautin, su zubar da abin da kunnen mutum ba zai yi kewarsa ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam gwana ce wajen cike gurbin gaɓar da ta ɓace a zance, amma ƙulli ɗaya da ya salwanta ya kusa cinye rabin lamba guda daga cikin 16 ɗin nan. Abin da ya fi muni shi ne lalacewar ba ta da tabbas: gwajin yau ya wuce lafiya, na daren gobara ya ƙi.

Na uku shi ne mafi ɓoyuwa. Sau da yawa ɗan akwatin nan da kansa yake samar da bolt ɗin da ke kan igiyar. Ko an tsinke zaren gilashi a bakin titi, ko intanet ta ɗauke tun jiya, akwatin sarrafawa zai auna ya ga wuta tana nan, ya ɗauka layinsa lafiya lau. Ginin ya zama kamar hannun da jijiyarsa ta mutu, fata tana nan, yatsu suna motsi, amma babu mai kai kuka.

An ga misalin wannan matsala a wani tsibiri na jihar New York mai suna Fire Island. Bayan guguwar Sandy ta lalata wayoyin yammacin tsibirin, Verizon ya ba mazauna wata na'ura mai suna Voice Link, wadda ke kai murya ta hanyar salula. Magana tana tafiya, amma na'urar ba ta dace da ƙararrawar gida da injin faks da na'urorin karɓar kuɗi da kati ba. Jama'a suka kai kuka ga hukuma, a watan Satumba na 2013 kamfanin ya amince zai shimfiɗa musu zaren gilashi.

Hanyoyin da ƙa'ida ta yarda da su

Masu rubuta kundin NFPA 72 sun hango wannan sauyi. A bugun 2010 sun yarda da layin muryar da ba na tagulla ba, da sharaɗin kamfanin ne ke riƙe da hanyar yana kula da ita, layin yana kwaikwayon tsohon tarho sosai, kuma na'urar da ke ginin tana da batirin sa'a 8. A bugun 2013 suka ce layin tarho biyu bai wadatar ba, sai in jami'in gobara na yankin ya yarda babu wata hanya, domin layukan biyu galibi a igiya ɗaya suke tafiya, gatari ɗaya ke sare su. Suka kuma rage tazarar kiran gwaji daga sa'a 24 zuwa sa'a 6.

Mafi yawan gine-gine a yau ɗaya daga cikin hanyoyi uku suke bi. Akwai na'urar salula ta musamman mai katin sim, wadda ke karɓar lambobin ɗan aike a nan cikin gini, ta mai da su rubutaccen saƙo, ta tura ta turken sadarwa. Akwai mai turawa kai tsaye ta intanet ba tare da an bi ta sauti ba. Akwai kuma rediyo mai zaman kanta, inda akwatin kowane gini ke miƙa saƙon maƙwabcinsa hannu da hannu har ya isa cibiya. Da yawa sukan haɗa biyu, misali salula da intanet, don in ɗaya ta faɗi ɗaya ta ɗauka.

Ko wace hanya aka bi, ma'aunin ɗaya ne. Saƙon gobara ya bayyana a cibiya cikin daƙiƙa 90. Na'urorin da saƙon zai ratsa a cikin ginin su kasance da batirin da zai riƙe su sa'a 24. Idan hanya ɗaya ce tilo, cibiya ta san ta mutu cikin minti 60. Idan biyu ne, a duba kowace a cikin sa'a 6. Yadda ake yin haka shi ne na'urar ta riƙa aika 'yar gaisuwa a kai a kai. In gaisuwa ta yanke, cibiya ba za ta ɗauka lafiya ce ta ɓoye ta ba, sai ta nemi mai ginin, kamar yadda jama'ar unguwa kan ƙwanƙwasa ƙofar dattijon da ba a gani a masallaci ba tun asuba. Jikin mutum ma yana da irin wannan dabara. Jijiyar cikin kunne mai kula da daidaiton tsayuwa tana aika saƙo sau da yawa a kowace daƙiƙa ko mutum yana zaune bai motsa ba. Shi ya sa idan ta gefe ɗaya ta yi shiru saboda cuta, nan take jiri ke ɗibar mutum. A wannan fuska sabuwar hanya ta fi tsohuwa, wadda kan iya kwana ta wuni a mace kafin cibiya ta lura.

Sai dai sabuwar ba ta da tsawon ran tagulla. A 2022 manyan kamfanonin salula na Amurka suka kashe tsarin 3G, AT&T a Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba, kuma duk na'urar ƙararrawa da ta dogara da shi sai da aka sauya ta. Wayar da ta yi shekara hamsin a ƙasa an musanya ta da na'urar da wataƙila ba za ta wuce shekara goma zuwa goma sha biyar ba.

Abin da ke kan mai gini

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mai ginin da ya san ya kamata yakan fara da ƙidaya duk layukan tagulla da ke gininsa, domin ban da ƙararrawar gobara, akwai tarhon gaggawa na cikin lif da ƙararrawar ɓarayi, waɗanda aka manta da su a ɗakin wayoyi. Sa'an nan ya tuntuɓi jami'in gobara na garinsa, don ba kowace jiha ke aiki da bugu ɗaya na kundin ba. Na'urar da zai saya sai wadda wata cibiyar gwaji irin su UL ta tabbatar an yi ta don gobara, kuma ƙwararre mai lasisi ne zai ɗaura ta. Bayan an ɗaura, a gwada kowane irin saƙo a ga ya isa cibiya, a kashe wutar ginin a sake gwadawa, a zare eriya a ga ko cibiya za ta lura. Sai an gama wannan duka, an rubuta an ajiye, sa'an nan a yanke tsohon layi. Wanda ya yi sakaci yana iya shan tara, ko a tilasta masa ɗaukar masu gadi su yi ta zagaya ginin har a gyara, ko ya shiga jayayya da kamfanin inshora bayan ɓarna ta auku.

Gwaji don aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan ƙa'ida da batir biyu, ƙwan tocila biyu, makunni biyu da 'yar waya. A da'irar farko a bar makunni a buɗe, ƙwai a kashe, a ce kamawarsa ita ce alamar gobara. A ta biyu a bar ƙwai a kunne, a ce mutuwarsa ita ce alama. Sai a sa ɗalibi ɗaya ya yanke waya a kowace da'ira a bayan allo. Ajin zai ga ta biyu ta tona asirin yankan nan take, ta farko kuwa ba wanda zai sani sai ranar da aka danna makunni ƙwai ya ƙi kamawa.

Kammalawa

Nijeriya ba ta da tarin tagullar da za ta naɗe. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan tarhon ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Amma gobarar dare ba baƙuwa ba ce: kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016, kasuwar Monday ta Maiduguri kuma a Fabrairun 2023, dukkansu cikin dare lokacin da masu dukiya ke gida. Duk makaranta ko asibiti ko kasuwa da za ta haɗa ƙararrawa da masu kai ɗauki a nan, da salula ko rediyo za ta fara, wato daga inda Amurkawa suka koma yanzu, kuma a ƙasar da ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare. In gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, akan shafa wa nasa ruwa. Tambayoyin da ya kamata shugaban makaranta ya yi wa duk mai tallar irin wannan na'ura guda uku ne: wa zai ji kukanta da ƙarfe biyu na dare, sa'a nawa za ta yi tana aiki in babu wuta, kuma in ta mutu yau, yaushe za a sani?